Neman kalmomi 12 na walet ɗin Yaya, inda aka kwana

Litinin, 18 Agusta 2025

Ranar Alhamis da ta wuce bayan magariba 'yan ƙwacen waya suka tare Yaya a hanyarsa ta komawa gida daga Kantin Kwari, Allah ya tsare basu ji masa ciwo ba amma sun tafi da wayar. Washegari yaje ya rufe layi da manhajojin banki, yayi welkom bak, ya siyo sabuwar waya, duk wannan ba abin damuwa bane. Damuwar ita ce Trust Wallet ɗinsa, wato manhajar ajiyar kuɗin kirifto a waya, a nan yake tara USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, da yake biyan masu turo masa kaya daga Guangzhou, bazan faɗi nawa bane amma kuɗin diloli ne na shadda ba kaɗan ba, kuma wani ɓangare ma ba nasa bane na abokin kasuwancinsa ne.

Ya sauke manhajar a sabuwar waya tace ya saka kalmomin sirri guda 12, waɗanda 'yan kirifto ke cewa seed phrase, su ne makullin dawo da walet a wata waya. Sai a lokacin ya tuna a bayan littafin bashi na 2021 ya rubuta su, shekarar da CBN ta hana bankuna hulɗa da kirifto kowa ya koma P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum. Littafin yana saman wadirof a ɗakinsa, kuma daidai gurin rufi yake yoyo duk damina. Da Anti ta sauko da shi gara ta cinye gindin shafukan, ruwa kuma ya jiƙa sauran.

Ɗazu ya kirani yace auta kai da kake ta'ammali da kwamfuta zo ka gani ko akwai dabara. Naje na gani. Sahu biyu ya rubuta, shida hagu shida dama, ba lamba ko ɗaya. Guda 8 suna karantuwa tas, ɗaya tana karantuwa amma rubutunta da alamar tambaya, ɗaya biron ya narke haruffa biyun farko kawai ake gani, layin ƙasa kuwa gaba ɗaya babu shi, kalma biyu kenan sun tafi cikin gara. Nace masa Yaya kar a sake taɓa littafin nan, kar kuma a ɗauke shi hoto da waya. Na kwafa da hannu a wata takarda na saka asalin a leda.

Zan dinga rubuta abin da ake ciki a nan saboda nasan ba Yaya kaɗai wannan abu yake samu ba a garin nan. Kalmomin dai bazan rubuta ko ɗaya ba har sai an gama.

Talata, 19 Agusta

Yau wallahi saura kaɗan zuciyar Yaya ta buga, kuma akan kuskure.

Kafin a fara komai ana buƙatar adireshin walet ɗin, wato dogon lambar nan mai farawa da T da ake bawa mutum ya turo USDT ta hanyar Tron, ɗaya daga cikin hanyoyin da kuɗin kirifto ke bi. Adireshi ba sirri bane, kowa zai iya gani, kuma da shi ne za a gane an dace ko ba a dace ba. Yaya yasa wani abokinsa ya turo wanda ya taɓa aika masa ta WhatsApp, na saka a Tronscan, shafin da ake duba abin da ke cikin adireshin Tron, sai ga sifili. Ba ko dala ɗaya. Yaya ya zauna a ƙasa yana ta innalillahi, Anti ta fita daga ɗakin ma.

Ni kuma na tsaya ina duba tarihin adireshin a hankali sai naga wani abu, duk kuɗin da ya shigo baya jimawa ake kwashe shi zuwa wani ƙaton adireshi guda ɗaya mai hada-hadar miliyoyi, kuma motsi na ƙarshe tun watan Mayu ne, ba bayan ƙwacen wayar ba. Wannan ai ɗabi'ar adireshin ajiya ne na kasuwar musayar kirifto, irin wanda suke bawa kowane kwastoma, ba walet ɗin mutum na kansa ba. Sai na bi baya na duba su waye suke turowa ciki, akwai guda ɗaya da ya turo sau da yawa, na buɗe shi, na karantowa Yaya kwanan wata da adadin shigar ƙarshe yace shi ne, shi ne wallahi, kuɗin wani mai saro atamfa ne daga Maradi. Kuɗin suna nan cif, ba a taɓa ba.

Toh amma fa wayar tana hannun ɓarayi. Akwai makulli a wayar akwai lambar sirri a manhajar, kuma yawancinsu goge waya suke su siyar, amma ba wanda zai kwanta ya miƙe ƙafa akan haka. Yanzu safe da dare sai na leƙa Tronscan.

Alhamis, 21 Agusta

Kwana biyun nan karatu nayi, kuma abin da na fahimta ya ɗan kwantar min da hankali.

Ashe kalmomin nan ba daga ƙamus kawai ake tsinto su ba. Akwai wani tsari da ake kira BIP39 tun 2013, yana da jerin kalmomin Turanci guda 2048 daidai, ba ƙari ba ragi, kuma yawancin walet daga nan suke ɗauka. An tsara jerin yadda haruffa huɗun farko na kowace kalma sun isa a gane ta, babu biyu da suka yi tarayya a huɗun nan. Kenan da Yaya yana da haruffa huɗu na wadda ta narke da an gama da ita, sai dai biyu gare mu. Na ƙirga waɗanda suka fara da biyun nan a jerin, 33 ne.

Mai alamar tambayar kuma na duba bata cikin jerin kwata-kwata, kenan kuskure akayi gurin rubutu. Na zauna na fitar da duk waɗanda harafi ɗaya ne ya raba su da ita na samu 7.

Abu na biyu, ba kowace haɗuwar kalmomi 12 ce take zama walet ba. Kowace kalma tana ɗauke da bit 11, wato ƙwayoyin 0 da 1 na kwamfuta, goma sha biyu ya bada 132, a ciki 128 ne ainihin sirrin, 4 ɗin ƙarshe kamar hatimi ne na tantancewa da ake lissafo shi daga sauran, yana zaune a cikin kalmar ƙarshe. Shi yasa in ka jera kalmomi da ka, kusan ɗaya cikin 16 ce kawai manhaja zata karɓa. Wannan yana ragewa kwamfuta wahala sosai don tana watsar da 15 tun kafin ta shiga lissafi mai nauyi. Amma fa yana da tarko, don manhaja ta karɓi jerin ka ba shi ne ka dace ba, zata iya buɗe maka wani walet daban wanda ba kowa a ciki. Yaya da kansa ya faɗa wannan ranar Asabar kafin ya kirani, yayi ta cusa kalmomi da ka har ɗaya ta shige ya ga sifili ya ɗauka an kwashe.

Ga lissafin da na yi a takarda. Kalma ɗaya ta ɓata kuma ka san gurbinta, gwaji 2048 ne, wannan kafin ka ajiye kofin shayi kwamfuta ta gama. Biyu, 2048 sau 2048, 4,194,304. Uku ya haura biliyan 8 da rabi. Huɗu ya haura tiriliyan 17. Duk kalma ɗaya da ta ƙaru aikin ninkuwa yake sau 2048, ba ƙaruwa yake ba, a nan ne mutane da yawa basa ganewa, sai kaji mutum yace ai guda huɗu ne kawai babu. Namu kuma, miliyan 4 ɗin nan sau 33 sau 7, ya kusa biliyan 1. Da yawa ne amma abu ne da laftof zata iya.

Na kuma duba Google Photos da Drive da imel ɗinsa ko ya taɓa ajiye wani abu, babu. A wani ɓangaren gara haka, don da yana da sikirinshot a wayar da tuni wani labarin ake.

Juma'a, 22 Agusta, da dare

Raina a ɓace yake. Bayan masallaci Yaya ya nuna min wayarsa, ashe ranar Laraba yayi tambaya a wani guruf na 'yan kirifto ba tare da ya faɗa min ba, kafin awa ɗaya mutum huɗu sun biyo shi ta Telegram. Ɗaya yace shi ma'aikacin kamfanin walet ɗin ne, har da tambari a hotonsa. Ɗaya ya turo wani shafi wai a saka kalmomin da ake da su zai cike sauran. Ɗaya kuma da Hausa tsantsa yayi masa magana, da sallama da jaje da komai, yace a turo guda goman da kuɗin aiki shi zai fito da biyun. Yaya yace min shi wannan na ƙarshen ya kwanta masa, tunda ai goma ce kawai ba duka ba, me zai iya yi da goma.

Nace Yaya, abin da zai yi da goma shi ne abin da nake shirin yi da goma. In laftof ɗina tsohuwa zata iya fito da biyun cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda yake da kwamfutar wasan gem mai ƙarfi cikin 'yan awanni zai gama, kuma in ya gama ba kiranka zai yi ba, kai dai zaka leƙa ka ga sifili na gaske a wannan karon, kuma a bulokcen, wato kundin da kirifto ke tafiya a kai, in kuɗi ya tafi babu manaja babu reshe babu takardar ƙorafi. Kamfanin walet ɗin ma basu da kalmominka, a cikin wayarka aka haife su ba a ajiye su a gurinsu ba, shi yasa basa iya dawo maka da su kuma shi yasa ma'aikacinsu na gaskiya bazai taɓa tambayarka ba. Yayi shiru can yace auta da na tura fa da daddaren nan. Alhamdulillah bai tura ba. A gabana ya toshe su duka.

Ban ga laifinsa ba, mutum ne da yake kwana baya bacci ga kuɗin wani a wuyansa, irin wannan lokacin suke jira.

Lahadi, 24 Agusta

An fara. Manhajar da nake amfani da ita BTCRecover ce, kyauta ce kuma a buɗe take kowa zai iya karanta yadda aka rubuta ta, da Python take aiki, a cikinta akwai ɓangaren da aka ware don irin wannan matsala. A kula, daga asalin shafinta na GitHub ake ɗauka, don akwai na jabu masu kama da ita da ake bazawa.

Yadda nayi, na saka Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, a filas na tashi laftof ɗin daga kansa, na sauke duk abin da ake buƙata, sannan na kashe wayifai na cire komai, sai bayan nan na shigar da kalmomin. Kafin na saka na Yaya sai da na ƙirƙiri wani walet na banza na goge kalma biyu da gangan na gwada, ta fito min da su cikin 'yan mintuna, sai na yarda na saita daidai. Wannan gwajin kar wanda ya tsallake shi, don in ka zaɓi nau'in kuɗi ba daidai ba zata gama zagaye kaf tace bata samu ba alhali ta wuce ta kan amsar. Daga kalmomi 12 ɗin nan guda ɗaya ne ake fitar da adireshin Bitcoin da na Ethereum da na Tron, kowanne da hanyarsa, na Tron lambarsa 195, na Ethereum 60, sai ka faɗa mata wanne kake nema.

Laftof ɗina tana yin kusan gwaji dubu 10 a sakan ɗaya. Da wannan saurin biliyan ɗaya zai ci awa 27 ko kusa da haka. Na jera kalmomin daga sama zuwa ƙasa, hagu tukunna sannan dama, kenan ta 6 da ta 12 ne babu. Ƙarfe 4 na yamma na kunna.

Litinin, 25 Agusta

An ɗauke wuta ƙarfe ɗayan dare, batirin laftof ya mutu ina bacci, awa tara ta tafi a banza. Wani abokina yace in kawo shagonsa a Zoo Road yana da sola, naƙi, don in ta samu amsar a fuskar kwamfutar zata rubuta ta ɓaro-ɓaro kuma shago ne mai shige da fice. Sai ya ara min ƙaramar inbata da batiri na ɗoro a adaidaita. An sake daga farko.

Laraba, 27 Agusta

Ta gama. Bata samu ba.

Na jima a zaune ina kallon rubutun. Kiran Yaya ne yafi min wuya, yace ba komai auta Allah ya saka da alheri, kayi iya yinka, amma muryarsa kaɗai ta isa. Kuɗin dai suna nan, na duba.

Abin da zai iya jawo haka uku ne a ganina, ko ɗaya daga cikin takwas ɗin da nake ganin daidai suke ba daidai take ba, don jerin cike yake da 'yan uwan juna irin su price da prize, ko wine da wire da wife, duk suna ciki kuma a rubutun hannu da ya sha ruwa ba lallai ka bambance ba. Ko jerin da na bi ne ba shi ba. Ko kuma kalmomin na wani walet ne daban da ya taɓa buɗewa ya manta. In na ukun ne to shikenan. In na farkon ne kuma aikin zai koma kamar kalma uku da ɗoriya, abin da ya fi ƙarfin laftof ɗin nan sai dai a nemo mai katin girafik, irin kwamfutar wasan gem mai ƙarfi.

Alhamis, 28 Agusta

Labari ya zaga layinsu Yaya a Kwari wai ƙaninsa yana dawo da kuɗin kirifto da suka ɓata. Yau wani Alhaji maƙwabcin shagonsa yazo har gida, dattijo ne mai mutunci, tun ina yaro yake bani kuɗin makaranta in naje shago. Ɗansa ne ya buɗe masa walet shekarun baya aka saka Bitcoin, wayar ta lalace, takardar kuma an rasa inda take tun da suka tashi daga Fagge suka koma Rijiyar Zaki. Adireshin kawai gare shi, yana ganin kuɗin amma ba halin taɓawa. Yace ɗana ko nawa ne zan biya.

Nace Baba Alhaji bazan ɓoye maka ba, in babu kalma ko ɗaya babu mai iya fito da su, ba ni ba, ba wani a Amurka ko Caina ba. Yawan jerin da za a gwada lamba ce mai gurbi 39, in aka haɗa duk kwamfutocin duniya suka yi ta yi tun daga yau har jikokin jikoki ko kusa baza a je ba, kuma daga adireshi ba a komawa baya a gano kalmomi, hanyar gaba kawai take tafiya. Da ana iyawa ai da ba wanda zai kwana da kuɗinsa a ciki. Na bashi labarin James Howells na garin Newport a Birtaniya, wanda faifan kwamfutarsa mai makullin Bitcoin kusan 8,000 ya tafi juji a 2013, ya shekara sama da goma yana neman a bar shi ya tona, a Janairun bana kotu ta kori ƙararsa. Da Stefan Thomas mai Bitcoin 7,002 da makullinsu ke cikin wani filas mai suna IronKey da yake bada damar gwada kalmar sirri sau 10 kawai, ya gwada 8 bai dace ba ya tsaya. Waɗannan mutane ne masu ilimin abin da kuma masu son zuba musu kuɗi, amma suna nan suna kallo.

Nace masa aikinsa ba na kwamfuta bane, na bincike ne a gida. A nemo takardar ko da rabinta ne, a nemo tsohuwar wayar ko a mace take kar a yar kar kuma a bari wani ya goge ta, don in ta tashi manhajar ta buɗe ana iya ganin kalmomin daga ciki. A kuma tambayi ɗan ko walet ne na kai ko asusu ne a kasuwar musaya, don in asusu ne da imel da katin shaida ake dawo da shi, wannan mai sauƙi ne. Kuma duk wanda yace masa zai fito da su daga adireshi kawai, ya riƙe aljihunsa. Ya yi godiya ya tafi jiki a sanyaye, naji ba daɗi wallahi amma gara ya ji daga bakina.

Asabar, 30 Agusta

Na tambayi Yaya ya bani labarin ranar da ya rubuta kalmomin tiryan-tiryan. Sai yace ai ba shi ya kalli wayar ba, yaron shagonsa na lokacin ne yake karanto masa shi kuma yana rubutawa. Kaina ya ɗaure, wato akwai wani mutum da ya taɓa ganin duka 12 ɗin shekara huɗu da suka wuce, kuma bai taɓa ko sisi ba. Yaron kirki ne, yanzu yana da nasa teburin a Kofar Wambai.

Muka je muka same shi. Kalmomin kam bai riƙe ko ɗaya ba, amma ya tuna abu guda, yace Yaya bibbiyu nake karanto maka, in na faɗi biyu ka rubuta sai in faɗi biyu. Bibbiyu. Kenan Yaya yana rubuta ɗaya a hagu ɗaya a dama sannan ya sauko layi na gaba, ni kuma na karanta daga sama zuwa ƙasa kamar lissafin kaya. Waɗanda gara ta ci ba ta 6 da ta 12 bane, ta 11 da ta 12 ne, kuma duk sauran ma na saka su a gurbin da ba nasu ba. Tsari yana cikin sirrin, kalmomin nan 12 ko duk suna hannunka in baka san jerinsu ba hanyoyin jera su 479,001,600 ne.

Kuma tunda karanto masa akayi ba gani yayi ba, kuskuren kalmar nan na kunne ne ba na ido ba, sai na dawo da wadda nafi zargi cikin bakwai ɗin na saka ta farko. Na kunna bayan isha'i.

Litinin, 1 Satumba

Alhamdulillah. Alhamdulillah. Jiya Lahadi kafin asuba ta samu, ban rubuta ba sai yau don hannuna ma rawa yake. Ko awa biyar bata yi ba, na tashi shan ruwa na leƙa naga ta tsaya, na ɗauka wuta ce ta sake, ashe kalmomin ne a jere a ƙasa. Na kwafa a takarda sau biyu na karanta da baki sau uku na kashe laftof ɗin na zare filas. Na jira aka idar da sallah sannan na kira Yaya, cewa kawai nayi Yaya ka zo da sabuwar wayar. Bai tambayi komai ba, minti ashirin sai ga shi da jallabiyar bacci.

Talata, 2 Satumba

Bamu bar kuɗin a tsohon walet ba ko na kwana ɗaya, tunda tsohuwar wayar tana hannun da bamu sani ba, kuma kalmomin sun bi ta kwamfuta sun bi ta kunnen mutane. Yaya ya buɗe sabo shi kaɗai a ɗaki, ya rubuta da hannunsa da lamba 1 zuwa 12 a gaban kowace, kofi biyu, sannan na sa ya goge manhajar ya dawo da ita da takardar don a tabbatar rubutun yana aiki tun kafin a zuba komai. An ɗan tsaya gurin turawa saboda USDT a kan Tron baya motsi sai da TRX, kuɗin Tron ɗin kansa, na kuɗin hanya kuma na ciki bai isa ba, na tura masa kaɗan daga nawa, aka fara gwadawa da dala 5, ta isa, sannan aka kwashe sauran. A ranar ya bawa abokin kasuwancin nasa kasonsa.

Yanzu da tsohon walet ya zama fanko zan iya faɗa. Kalmar da bata cikin jerin, fool Yaya ya rubuta, ainihinta pool ce. Bakinmu ne na Hausawa da p da f, yaron ya faɗa yadda muke faɗa Yaya ya rubuta yadda yaji. Mai narkewar kuma stove ce. Da a ce kalmar da yaji ba daidai ba tana cikin jerin ita ma, da ban ma san akwai kuskure a gurin ba, da har yanzu muna nema.

Asabar, 6 Satumba

Alhaji ya dawo jiya da yamma ana hutun Maulidi, da fara'arsa, Hajiya ta samo takardar a cikin wata tsohuwar jakar Makka tare da rasitan filaye. Sai dai an yage ta, wani ya yanki ƙasan ya rubuta lambar waya ko me, guda 7 ne suka rage, da lambobinsu 1 zuwa 7 a rubutun ɗansa mai kyau.

Na ɗauko takarda nayi masa lissafin a gabansa da saurin laftof ɗina. Uku babu, kwana 10. Huɗu babu, shekara 55 da ɗoriya. Biyar babu, ya haura shekara dubu 100. Ko an samo kwamfutar da ta fi tawa sau dubu, ana maganar sama da shekara ɗari. Nace Baba Alhaji bakwai bata isa ba, amma ba banza bace, in aka samo ko biyu a kai an shigo inda za a iya magana, in uku ne kuwa a yini ɗaya za a gama. Ya ninke takardar ya saka a aljihun gaba.

Mun kira ɗan nasa yana Zariya. Ya tabbatar walet ne na kai ba asusun musaya ba, kuma yace tsohuwar wayar tana gurinsa a cikin durowa, gilashin ne ya mutu ba injin ba, bai taɓa kai ta gyara ba, kuma yana ganin yana tuna lambar buɗe ta. Nace kar ya jona ta da komai kar ya bawa kowa, ya taho da ita da kansa. Ranar Laraba zai shigo, zamu je kasuwar waya ta Farm Centre a saka mata sabon gilashi muna tsaye a gurin, ba za a bar ta ta kwana ba kuma ba filashin. Hajiya kuma tana ci gaba da zazzage sauran jakunkunan ko guntun takardar zai fito.